Asalin Kifin Koi a Ƙasar Japan

Kifin nan mai launuka da ake kira koi, wanda a yau attajirai ke alfahari da shi a tafkunan lambunansu, asalinsa abincin talaka ne. A farkon ƙarni na 19, manoman shinkafa na Yamakoshi da Ojiya, a lardin Niigata, waɗanda dusar ƙanƙara kan toshe wa hanya wata da watanni, suna kiwon wani baƙin kifi a kududdufan ban-ruwansu, domin kada hunturu ya same su babu nama. Da ikon Allah sai aka riƙa samun wani ya fito da ja a kumatu, wani da fari a gadon baya, manoman kuwa, maimakon su jefa su tukunya, sai suka keɓe su, suna haɗa wannan da wancan, suna ciyar da su har da tsutsar alharini, al'amarin da ke buƙatar haƙurin da ba kowa aka ba wa ba.

Sauran jama'ar ƙasar ba su san wannan ajabi ba sai a bajekolin birnin Tokyo na 1914. A shekarar 2018 an sayar da kifi guda a kan yen miliyan 203.