Makarɓar Ofiyam a Ƙwaƙwalwa: Aikin Solomon Snyder da Matsalar Tiramol a Gonakin Funtua da Malumfashi

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun binciken Solomon Snyder kan makarɓan saƙo na ƙwaƙwalwa, ta kuma auna shi da abin da 'yan ƙwadagon noma a kudancin Katsina ke faɗa game da tiramol, wai tana ƙara ƙarfi. Matsayin maƙalar shi ne ƙwayar ɓoye gajiya take yi, ba ta ƙara wa jiki komai.

Gano makarɓar

An daɗe ana zaton akwai wani gurbi a jikin ƙwayoyin jijiya da ofiyam ke maƙalewa, kamar makulli da kwaɗonsa, amma babu wanda ya nuna shi. A 1973, a Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Snyder da ɗalibarsa Candace Pert suka markaɗa ƙwaƙwalwar ɓera, suka zuba mata naloxone, maganin da ke karya aikin ofiyam, wanda aka yi wa alama da sinadari mai fitar da tururin nukiliya, suka tace, suka wanke da sauri. Abin da ya ƙi wankuwa shi ya tona gurbin, wato makarɓar ofiyam. A shekarar dai Eric Simon da Lars Terenius suka kai ga irin wannan sakamako.

Sai tambaya ta taso: me ya kawo gurbin maganin tsiro cikin kan mutum? Amsar ta fito daga Aberdeen a 1975, inda John Hughes da Hans Kosterlitz suka gano cewa ƙwaƙwalwa na haɗa nata sinadarin rage zafi. Su biyun da Snyder aka ba kyautar Lasker a 1978, aka tsallake Pert, kuma a ganina an tauye mata haƙƙi. A 1980 Snyder ya kafa sashen nazarin ƙwaƙwalwa a jami'arsa.

Tiramol a gona

Ɗan ƙwadagon da ya karɓi jingar huɗar masara ko tsinkar auduga, kuɗinsa na bin yawan aikinsa. Idan ya haɗiyi tiramol, hanta kan sarrafa ta zuwa wani sinadari da ke kama makarɓar nan, saƙon ciwon baya da na kafaɗa ya dushe, alhali tsoka tana ci gaba da wahala. Da tafiya ta yi nisa makarɓan kan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Hukumar NAFDAC ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100, amma masu 200 da 225 ne ke yawo a bayan fage. Ƙwayar tana kuma taɓa sinadaran serotonin da noradrenaline, ga farfaɗiya da yawan shanta ke jawowa, wadda naloxone ba ya magancewa.

Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya na shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba.

Shawara

Malumfashi ba baƙuwar bincike ba ce. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da Liverpool sun zauna a yankin suna nazarin zazzaɓin cizon sauro, tsargiya da saran maciji. Muna kira ga masana harhaɗa magunguna na Zariya da Katsina su koma ƙauyukan nan lokacin damina, su auna yawan abin da leburori ke sha da abin da yake yi musu.