Jigo da Sauye-sauye a Kiɗan Atisaye na Shida na Liszt

Tsakure

Maƙalar ta nazarci kiɗa na shida cikin atisayen fiyano da Franz Liszt (1811–1886) ya gina kan ayyukan Niccolò Paganini (1782–1840). Ta nuna cewa wahalar kiɗan ce Liszt ya ɗauko daga goge zuwa fiyano, ba sautukan kaɗai ba.

Gabatarwa

A watan Afrilun 1832 Liszt ya kalli wasan Paganini a Faris, ya kuwa ƙudura sai ya kai fiyano inda wannan Ba'italiye ya kai gogen Turawa. Liszt ya tsara atisaye shida a 1838, ya sake musu fasali a 1851, ya sadaukar da su ga Clara Schumann. Na shidansu ya ginu ne kan kiɗa na 24 cikin jerin da aka wallafa wa Paganini a Milan a 1820: jigo ɗaya, sauyi 11, da rufewa.

Nazari

Jigon gajere ne ƙwarai. Rabinsa na farko kai-komo ne kurum tsakanin haɗin sauti biyu, na biyun kuma ya gangaro mataki-mataki ya koma gida. Wannan ƙarancin shi ya sa ya dace da atisaye. Da yake ginshiƙin ba ya motsi, kowane sauyi sai ya keɓe matsala guda ya ɗora wa yatsu, kunnen mai sauraro kuma bai ɓata hanya ba.

A sauyi na tara aka fi ganin dabarar Liszt. A nan, a kiɗan Paganini, mai goge na fizgar tsirkiya da yatsun hannun hagu, hannun da ke danne ta, abin da kan gagari ƙwararru da dama. Fiyano ba shi da wannan wahala ko kaɗan. Kowane ɗalibi zai iya buga sautukan. Sai Liszt ya nemi a riƙa taɓa maɓallan a tsittsinke, da sauri, ba nauyi, har amon ya yi kama da fizga. Wahalar ta tashi daga kan tsirkiya ta koma wuyan hannu. Sauyi na 11 kuwa, inda hannaye biyu ke share fiyanon daga ƙasa har sama, ya fi burge 'yan kallo, amma a ganin mai wannan nazari bai kai na tara hikima ba.

Fasalin 1838 ya fi na 1851 cunkoso da wuyar bugawa. Akwai masu ɗaukar gyaran a matsayin sassauci. Hujja ta fi karkata ga cewa Liszt ya rage lodin ne domin jigon ya riƙa fitowa sarai a ƙarƙashin ado, kuma bugun 1851 ne makaɗa suka fi riƙewa har yau. Johannes Brahms, da ya ɗauki wannan jigo a 1863, ya bi wata hanyar: ya ajiye sauye-sauyen Paganini ya ƙirƙiro nasa 28 cikin littafi biyu, shi ma ya kira su atisaye.