Mai Wurno, Mutumin da Ya Kafa Gari a Bakin Nilu

A wannan bugu na cikar shekarar ƙungiyarmu mun ga ya dace mu tuna da wani da ya riga mu bin hanyar gabas, tun babu mota babu fasfo.

Muhammadu Bello Mai Wurno ɗa ne ga Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, Attahiru ya fita hijira da ɗimbin jama'a, Turawa suka bi shi har Burmi, a ƙasar Gombe ta yanzu, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli. Mai Wurno ya tattara waɗanda suka tsira, suka ci gaba da tafiya da niyyar Makka. Sai a 1906 suka sauka a Shehu Talha, bakin kogin da Larabawan Sudan ke kira Bahar Azraƙ. Daga baya suka haye ruwa suka sari daji kudu da Sinnar, garin kuwa ya ci sunansa: Maiurno.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne siyasarsa. Turawan da ya guje wa a gida, su ya tarar suna mulkin Sudan. Da farko ba su sake da shi ba, don ba su daɗe da gama yaƙi da mutanen Mahadi ba. Bai ja da su ba, ya bi su a sannu. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka buƙaci ma'aikata, shi kuwa yana da mutane. Aka amince da sarautarsa, Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya aikin hajji a ƙasa suka riƙa yada zango wurinsa, su yi ƙodago su tara guzuri. Da yawa ba su tashi ba har abada. Wasu za su ce ya yi sulhu da waɗanda suka kashe mahaifinsa. Haka ne, amma mu 'yan kasuwa mun san wanda ke da bakuna masu yawa da zai ciyar ba ya zaɓen wanda zai yi ciniki da shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023, hanyar Abeshe zuwa Adire ta cika da 'yan gudun hijira masu tahowa yamma, cikinsu har da masu jin Hausa. Duk memban da ya haɗu da su, muna roƙo ya sauke su kamar yadda aka sauki kakanninmu, ya kuma sanar da ofishin ƙungiya.