Iskar Radon da Duwatsun Suleja: Nazari kan Tururin Ɗabi'a a Gidajen Maje

Tsakure

Maƙalar ta duba sinadarai masu fitar da tururi da ke cikin duwatsun yankin Suleja, da hanyoyin da suke bi su kai ga jikin mazauna Maje, da ke cikin yankin: ƙasar da aka yi gini a kai, kayan gini da ruwan burtsatse. Ta dogara da ƙa'idojin kimiyyar ƙwayar zarra da ma'aunan hukumomin duniya. Matsayarta ita ce iskar radon da ke taruwa a ɗakin kwana ta fi cancantar awo, kuma Najeriya tana da kayan yin awon.

Dutsen da asalin tururin

Suleja tana zaune a kan tsohon dutsen gindi na tsakiyar Najeriya, wanda narkakken dutse ya kutsa cikinsa ya daskare kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce. Dutsen Zuma, kusa da Madalla, shi ne fitaccen shaida a sarari. Dutse irin na giranit yakan ɗauki yuraniyom da toriyom da fotasiyom fiye da yawancin duwatsu.

Aisotof shi ne nau'in sinadari ɗaya da ya bambanta da ɗan'uwansa a yawan niyutiron da ke cibiyar ƙwayar zarrarsa. Wanda cibiyarsa ba ta da natsuwa yakan rushe ya koma wani sinadari, yana fitar da tururi. Kowanne yana da wa'adin da rabinsa ke rushewa: yuraniyom-238 shekaru biliyan 4.5, toriyom-232 biliyan 14, fotasiyom-40 kimanin biliyan 1.25. Tsawon wa'adin nan ne ya sa har yau suna nan. Rahoton UNSCEAR, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururi, na shekarar 2000 ya ba da matsakaicin da ake samu a ƙasar duniya: bekerel 35 na yuraniyom, 30 na toriyom, 400 na fotasiyom a kowane kilo. Bekerel ɗaya rushewa ɗaya ce a daƙiƙa.

Radon a cikin ɗaki

A jerin rushewar yuraniyom-238 ana isa ga radiyom-226, mai wa'adin shekaru 1,600, shi kuma ya haifi radon-222. Nan lamarin yake sauyawa. Duk magabatan radon daskararru ne, suna maƙale cikin dutse. Radon kuwa iska ce, ba launi ba wari, kuma wa'adinta kwana 3.8 ya ishe ta ta sulale ta tsagar dutse, ta ratsa ƙasa, ta shiga ɗaki ta fashewar daɓe ko gefen bututu. A fili iska takan tarwatsa ta, ba ta cika wuce bekerel 5 zuwa 15 a kowace kubik mita ba. A rufaffen ɗaki taruwa take yi.

Ba radon ɗin kanta ce ta fi yin ɓarna ba. 'Ya'yanta, foloniyom-218 da foloniyom-214, su ke manne wa ƙura, a shaƙe su, su zauna a hanyar numfashi suna sakin ƙwayoyin alfa. Takarda ɗaya tana tare alfa daga waje, amma a cikin huhu babu abin da ke tsakaninta da ƙwayoyin halitta. Daga milisibat 2.4 (ma'aunin tasirin tururi a jiki) da ɗan Adam ke samu a shekara daga tururin ɗabi'a, kusan rabi daga radon yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa radon ke jawo kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na cutar dajin huhu, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarin ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kusan sau 25. A 2009 ta ba da shawarar kada ɗaki ya wuce bekerel 100 a kubik mita, in ya gagara, kada ya haura 300.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Maje shi ne sauyin salon gini. Tun da aka tsayar da sabon birnin tarayya a 1976, har tsohuwar Abuja ta bar sunanta ta koma Suleja, yankin ya zama masaukin waɗanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu. Ɗakunan haya na bulo da siminti, masu ƙaramar taga ɗaya, sun yawaita, ana cika gindin gini da tsakuwa da ƙurar dutse daga wuraren fasa dutse. Da hunturu kuma, ga sanyi ga ƙura, kowa yakan toshe taga ya kwana. An fi sanin Maje da ma'ajiyar man NNPC da jerin tankoki, kuma haɗarinsu ido na gani. Na radon sai na'ura.

Ruwan burtsatse

Burtsatse a ƙasar dutse daga tsagogin dutsen take jawo ruwa, inda radon ke narkewa a ciki. A nan al'ada ta taimaka: ruwan da ya kwana a randa ko buɗaɗɗen tanki yana rasa radon, wata ta fice, wata ta rushe. Yuraniyom kuwa ba ya fita da ajiya, kuma illarsa a ruwan sha ta fi shafar ƙoda, a matsayinsa na ƙarfe mai guba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tun 2011 ita ce maikirogiram 30 a lita.

Tsarin awo

Bai dace a ɗauko sakamakon Jos, inda tarkacen haƙar kuza mai monazait ya ɗaga tururin toriyom, ko na Arlit a Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, a ɗora wa Maje ba. Can an tono an tara. Nan dutse yana inda Allah ya ajiye shi, kuma gida biyu a layi ɗaya na iya bambanta ƙwarai. Awon rana ɗaya da na'urar hannu shi ma ba hujja ba ne, domin radon tana hawa da sauka tsakanin dare da rana.

Abin da ya dace shi ne a rataye ɗan filastik na CR-39, wanda alfa ke bar wa tabo, a ɗakunan kwana na wata 3 da hunturu, a maimaita da damina, a rarrabe gidan laka da na bulo, mai daɓen siminti da mai tayil. Samfurin tsakuwa da ƙurar dutse da bulo sai a auna shi da na'urar tantance tururin gama, a gwada da iyakar bekerel 370 a kilo da aka saba amfani da ita ga kayan gini. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da NIRR-1, ƙaramin injin nukiliyar bincike da ya fara aiki a 2004, wanda ke iya fayyace yawan yuraniyom da toriyom a ɗan garin dutse. Sa ido kuwa aikin NNRA ne, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya da wata doka ta 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001.

Inda awo ya nuna ɗaki ya haura ƙa'ida, matakin farko shi ne liƙe tsagar daɓe da buɗe taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, sannan a sake rataye filastik na wasu wata 3 a ga ko adadin ya sauka.