Saukar Baƙi a Zangon Kumasi: Daga Fataken Goro zuwa 'Yan Yawon Buɗe Ido

Tun kafin a san wani abu wai shi yawon buɗe ido, saukar baƙi sana'a ce a Kumasi, kuma mutanen Zango ne suka riƙe ta. A unguwar Bantama ta Kumasi aka haife ni, a gidan da kakana ya yi shekaru yana saukar fataken goro. Saboda haka duk lokacin da aka ce baƙi na kawo wa gari farin ciki, nakan tambaya: wane irin baƙo, kuma a hannun wa ya sauka?

Musulmi sun daɗe a wannan gari. Da Baturen Ingila Thomas Bowdich ya iso Kumasi a 1817, ya tarar da malamai a fadar Asantehene Osei Bonsu, sarkin Asante, suna rubuta wasiƙu da layun da ake ɗinkawa a jikin rigar batakari ta yaƙi. Sai dai a yawancin wancan ƙarni, ayarin Kano da Katsina a Salaga yake tsayawa, can ƙasar Gwanja, inda madugu zai sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗaure goro ya juya. Abubuwa suka sauya bayan Turawa sun ƙone Kumasi a 1874. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwa, aka kama sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa daga Sekondi ya shigo a 1903. Daga nan fatake suka kwararo cikin Kumasi kanta, Zango ya bunƙasa. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi fataucin goron wannan ƙasa, har ya riƙa aika shi Legas ta jirgin ruwa.

Kakata ce ta kwatanta mini yadda sana'ar take. Falke zai yi sallama da magariba, ƙafa duk ƙura. Ba a tambayarsa kuɗin ɗaki. Za a ba shi ruwan wanka da tuwo, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, maigida ya kulle masa kuɗinsa a akwati. Da safe maigida ya haɗa shi da dillali, a zauna ana ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya, ana ware goriya daga marsa, ana jera shi cikin ɗanyen ganye ana yayyafa ruwa kafin a ɗaure huhu. Idan ciniki ya faɗa, maigida ya karɓi la'adarsa. Idan Batone, wato mutumin Asante, ya ba da goro bashi, maigida ne ya tsaya. Idan baƙo ya yi rashin lafiya, gidan ne zai yi jinyarsa. In ta Allah ta kasance, su za su yi masa sutura. Takan ce mini: “Ɗan nan, kakanka bai taɓa saukar mutumin da bai san sunan ubansa da garinsu ba.” Baƙo yana da haƙƙi, mai masauki yana da haƙƙi, kuma kowa ya san iyakarsa.

Zango ya sha wuya a hanya. Annobar da ta auka wa Kumasi a 1924 ta sa hukuma ta rushe gidaje a tsohon Zango, aka gina Sabon Zango. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutanen da suka yi rayuwarsu suna saukar wasu, su aka wayi gari ana kira baƙi. Ɗakunan gidanmu da yawa tun lokacin suka koma na haya.

Yau baƙin Bantama daban ne. Suna zuwa ganin takobin Okomfo Anokye da ke kafe a harabar asibitin koyarwa mai sunansa, da Cibiyar Al'adu wadda Dakta Kyerematen ya assasa a shekarun 1950, da wurin da makabartar sarakunan Asante take kafin sojan Ingila su rushe ta a 1896. Daga nan su wuce kasuwar Kejetia da fadar Manhyia, musamman ranar bikin Akwasidae da ake yi duk bayan mako shida. Shekarar Dawowa da Ghana ta ayyana a 2019 ta jawo jikokin bayi daga Amurka, sannan a 2024 gidajen tarihi biyu na Landan suka ba da aron kayan sarautar Asante 32, jama'a suka yi ta tururuwar kallo.

Alherin wannan a fili yake. Ku je babban titin Bantama bayan isha'i, ku ga mai tsire yana barbaɗa yaji, wuƙarsa ba ta hutawa har tsakar dare. Mai koko da ƙosai takan sayar da na ranar tun hantsi bai dubi ludayi ba. Masu ɗinkin batakari da masu aikin fata suna samun ciniki. Da wannan kuɗi ake biyan makarantar yara, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Amma akwai abin da ya ɓace. Baƙon yau ba ya sauka a hannun kowa a unguwa. Mota ta kawo shi, mota ta ɗauke shi, kuɗin kwanansa da na jagoransa su tafi wani wuri. Abin da ya rage mana shi ne kiɗan mashaya da ke hana tsofaffi barci har kusan asuba, da kuɗin haya da masu gida ke nema na shekara biyu a dunƙule. Na ga wata baƙuwa ta ɗora kyamara a kan yaran makarantar allo ba sallama ba neman izini. Malam ya ɗaga hannu ya ce: “Baiwar Allah, a nan sai an gaisa tukuna.” Jagoranta kuwa bai iya gaya mata ko kalma ɗaya game da mutanen da take ɗauka ba.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Jin daɗin gari ana auna shi ne da halin wanda zai kwana a cikinsa bayan baƙo ya tafi. Yawan baƙi ba ya faranta ran unguwa sai mutanenta na da ta cewa a zuwansu, suna kuma da rabo a ribarsa.

Don haka ina kira ga Sarkin Zango da limamanmu da ƙungiyoyin matasa: a zauna da tsofaffin da suka ga cinikin goro da korar 1969, a naɗi maganarsu tun suna raye. A horar da yaranmu su zama jagororin baƙi a unguwarsu, a sa ƙa'idar ɗaukar hoto da lokacin kashe kiɗa, a nemi tallafin Asusun Raya Zango don buɗe ko da zaure ɗaya ne na tarihinmu. Kakanninmu sun iya saukar baƙo cikin mutunci kuma sun ci riba. Ya kamata mu karɓi sana'arsu da hannunmu.