Daga 'Yan Doka zuwa Dajin Falgore: Wa Ya Kamata Ya Riƙe Sandar Tsaro?

Wani mai karatu daga Tudun Wada ya aiko mana da tambaya a kan batun 'yan sandan jihohi, wanda ya sake tasowa tun watan Fabrairun 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya zauna da gwamnoni a Abuja suka ce za su duba shi. Ya ce dattawan garinsu sun rabu biyu. Wasu na cewa a zamanin En'e baƙo ba ya kwana a ƙauye mai unguwa bai sani ba, kuma wanda ya saci saniya ba ya cin kasuwa biyu ba a kama shi ba. Wasu kuwa da an ambaci ɗan doka sai ransu ya ɓaci, su shiga lissafa iyayensu da aka yi wa bulala ko aka ɗaure saboda siyasa. Shi ne yake so ya ji wanne ne gaskiya a ciki, kuma me ya sa aka rushe 'yan dokan tun farko.

Tambayar ta dace da inda ta fito. Ƙasar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da Falgore zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai bakin iyaka ce tun da daɗewa. A ƙarni na 19 ta wannan ɓangare mayaƙan Ningi suke kawo wa Kano hari, su kwashi mutane da dabbobi su koma duwatsu, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya shafe shekaru yana fama da su. Mutanen kudancin Kano sun daɗe da sanin cewa birni yana da nisa idan dare ya yi.

Turawa da suka ci Kano a 1903 sun tarar da dogarai, ba su kuma kawar da su ba. Daga baya ne aka ware wata runduna aka ba ta horo da kaki da albashi daga baitulmalin En'e, ita ce jama'a suka sani da 'yan doka. Shugabanta Wakilin Doka ne, kuma galibi ɗan sarki ake bai wa kujerar. 'Yan sandan gwamnati suna nan, amma ba su da yawa a Arewa, aikinsu ya fi karkata ga Sabon Gari da tashar jirgin ƙasa da unguwar Turawa. Ƙauye kuwa na hakimi ne da dagaci da mai unguwa da ɗan doka.

Masu kewar wancan tsari ba ƙarya suke yi ba. Ɗan doka ɗan ƙasa ne, yana jin harshen mutane, ya san mahautan kasuwa da dillalan shanu, ya san ruga da ardonta. Labari yana tashi daga mai unguwa ya isa wurin hakimi kafin rana ta faɗi. Suna kuma da wata hujja mai nauyi: a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, hukumar En'e ta gane take-taken Muhammadu Marwa Maitatsine, aka ɗaure shi, aka kore shi zuwa Kamaru. Bayan an karya ƙarfin En'e ya dawo ya kafa sansani a 'Yan Awaki, a tsakiyar birni.

Sai dai akwai abin da masu kewar ba su cika son tsayawa a kansa ba. En'e ce ke karɓar haraji, ita ke naɗa alƙali, ita ke biyan ɗan doka, ita ke da gidan yari. Wanda ya sa aka kama ka shi ne ubangidan wanda zai yi maka shari'a, shi ne kuma mai makullin ɗakin da za a kulle ka. Muddin ba siyasar jam'iyyu, talaka yana haƙuri da wannan. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma sarakuna da ma'aikatan En'e suka rungumi jam'iyyar NPC, sai tsarin gaba ɗaya ya koma makami a hannun ɓangare guda.

Yadda abin yake aiki ba ɓoyayye ba ne. Ba a yin lacca sai da izinin En'e, kuma samun izinin ga ɗan NEPU jidali ne. Idan aka yi ba izini, ɗan doka ya kama, alƙali ya ɗaure. Idan an samu izinin aka faɗi magana a kan hakimi, sai a ce an zagi sarauta. Tela ko mahauci ko ɗan koli da aka san ɗan NEPU ne zai iya wayar gari an ninka masa haraji, ko an hana shi rumfa a kasuwa. Hajiya Gambo Sawaba ta zo Kano daga Zariya tana wayar da kan mata, aka ɗaure ta, aka kuma kore ta daga garin. A wajajen 1953 aka samu ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan NEPU da duka, kuma koken 'yan NEPU kullum shi ne wanda aka fasa wa kai shi ake gurfanarwa. A birni ma da akwai jarida da lauya haka abin yake, balle a ƙauyen da hakimi ne wuƙa shi ne nama.

A tsakiyar wannan rigima aka naɗa Ado Bayero Wakilin Doka a 1957, yana ɗan shekara ashirin da wani abu, ya riƙe kujerar har 1962 da aka tura shi jakada Senegal. Masu rubuta tarihinsa suna yaba masa da ƙoƙarin rage tsare 'yan adawa a bisa umarnin manya. Na yarda da wannan yabo, kuma a ganina shi ne ma babbar shaida a kan tsarin. Idan sai an dace da shugaba mai sauƙin hali kafin talaka ya tsira daga kamun zalunci, to doka ba ta kare shi ba ke nan, sa'a ce ta kare shi, kuma ana iya canja shugaban gobe.

Ba 'yan NEPU kaɗai ke da wannan tsoro ba. Bayan rikicin Kano na watan Mayun 1953, wanda hukuma ta ce mutum 36 suka mutu a cikinsa, mazauna Sabon Gari ba su ƙara ganin ɗan doka a matsayin mai kare kowa ba. Hukumar Willink da Turawa suka kafa a 1957 don jin koken ƙananan ƙabilu ta ji ƙorafi iri ɗaya a sassan ƙasar, ta kuma karkata ga rundunar tarayya guda ɗaya mai ƙarfi. A jihar Yamma ma 'yan sandan ƙananan hukumomi sun yi ƙaurin suna a zaɓen 1965. Don haka da soja suka karɓi mulki a Janairun 1966, Janar Ironsi ya sa 'yan doka a ƙarƙashin Sufeto Janar, ya kuma kafa kwamiti a ƙarƙashin Alhaji Yusuf Gobir ya duba makomarsu da ta gidajen yari. Kashe-kashen da aka yi a garuruwan Arewa cikin wannan shekara, inda aka zargi jami'an En'e a wasu wurare da kau da kai, sun ƙara wa masu son rushewa ƙarfi. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe su da 'yan sandan Najeriya, gwamnatin Gowon ta amince. Daga 1968 aka fara tace 'yan doka, waɗanda suka cancanta aka sake musu horo aka ba su kakin tarayya, sauran aka sallame su. A wannan tsakani gidajen yari suka koma hannun tarayya, kotunan alƙalai suka koma hannun jiha, aka kuma rufe kotunan sarakuna.

Wanda wannan sauyi ya faru a hannunsa a Kano ɗan sanda ne gaba da baya. An haifi Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924, mahaifinsa ɗan sanda ne, shi ma ya shiga aikin a 1942, Gowon ya naɗa shi gwamnan sabuwar Jihar Kano a 1967. A majalisarsa ya haɗa Tanko Yakasai, wanda ya sha ɗauri a NEPU, da Maitama Sule na NPC. Mutanen Bebeji da Kiru sun fi tuna shi da ruwa: Bagauda, sannan madatsar Tiga da aka gina tsakanin 1971 da 1974, wadda take ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, ta tashi ƙauyuka, ta kuma raya noman rani a Kadawa da Kura. Ya kai titi da ruwa da otal har bakin dajin Falgore. Abin da gwamnatin wancan lokaci ba ta kai ba shi ne wani abu da zai maye gurbin idon mai unguwa da ƙafar ɗan doka. An cire haƙorin En'e, an yi daidai. Amma kurtun da aka turo daga nesa, wanda za a ɗauke shi bayan shekara biyu, bai san hanyar Falgore ba, kuma ba wanda yake jin wajibi ne ya kai masa labari.

Magadan NEPU ne suka fara ɗanɗana ɗacin wannan gibi. Kundin tsarin mulkin 1979 ya ce runduna ɗaya ce tak a ƙasar. Abubakar Rimi na PRP, magajiyar NEPU, ya hau gwamna, Shehu Shagari na NPN yana shugaban ƙasa, kwamishinan 'yan sandan Kano kuma yana karɓar umarni daga Legas. A ƙarshen Nuwamban 1980 Rimi ya rubuta wa Maitatsine takarda ya ba shi mako biyu ya tashi daga 'Yan Awaki, alhali ba shi da kurtu ko ɗaya da zai tilasta umarnin. Ranar 18 ga Disamba faɗa ya ɓarke a filin Shahuci, aka fi ƙarfin 'yan sanda, sai da soja suka shigo a ƙarshen watan. Hukumar bincike ta Mai shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. NPN ta ce gwamna ya yi sake, PRP ta ce tarayya ta riƙe 'yan sanda ta zuba ido. Wata bakwai bayan haka, ranar 10 ga Yulin 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, 'yan zanga-zanga suka ƙona gine-ginen gwamnati suka kashe Dakta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. Mutanen Rimi sun rayu suna cewa 'yan sanda sun ga abin suka ƙyale. Jam'iyyar da iyayenta suka yi fafutukar ƙwace sanda daga hannun sarki ta gane cewa sandar da ke hannun shugaban ƙasa ma tana iya zaɓen wanda za ta kare.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. Gwamnatin Shekarau ta kafa hukumar Hisbah da doka a 2003, gwamnatin Obasanjo ta haramta ta a Fabrairun 2006 ta kama kwamandanta Malam Yahaya Faruk Chedi, Kano ta je Kotun Ƙoli, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar, Hisbah kuma ta ci gaba da aiki. A 2007 rikicin addini ya taɓa Tudun Wada kanta, aka rasa rayuka aka ƙona majami'u, abin da ya tuna wa kowa cewa wannan yanki ba na mutum iri ɗaya ba ne. Ranar 20 ga Janairun 2012 Boko Haram ta kai hari kan ofisoshin 'yan sanda a birnin Kano ta kashe mutum kusan 185. Wajajen 2015 Falgore, dajin da ya kusa murabba'in kilomita dubu, ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, direbobin hanyar Jos suka daina ratsa shi da dare. Maganin da aka samu na soja ne: a 2017 rundunar soji ta ce za ta mai da dajin filin atisaye, gwamnatin Ganduje ta gina mata sansani a ciki, ta kuma ware dajin Dansoshiya a Kiru don zaunar da makiyaya. Hanyar ta yi sauƙi, amma soja ba ya binciken satar akuya, ba ya kuma raba manomi da makiyayi.

Shekarun baya-bayan nan sun bai wa kowane ɓangare hujja. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a 2024, saboda jiran Abuja ya ci rayuka da yawa. A ɗaya gefen, zaɓen Fabrairun 2023 ya bar gawarwaki a Tudun Wada, a Mayun 2024 kuma gwamnan Kano ya ba da umarnin kama Sarki Aminu Ado Bayero, 'yan sanda suka ce umarnin kotu za su bi. Kowane ɓangare mutum yake a wannan rigima ta masarauta, ya tambayi kansa abin da zai faru a ranar da a ce gwamna yana da runduna tasa mai bindiga, tarayya ma tana da tata, a gari ɗaya. A ƙarshen Maris ɗin 2025 kuma 'yan sintirin gari ne suka tare mafarauta 16 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo, aka kashe su. Waɗanda suka tare su 'yan ƙasa ne, sun san garinsu sarai, baƙo ne ba su ɗauka mutum ba.

Amsata ga mai tambaya ita ce duka ɓangarorin biyu na dattawan gaskiya suka faɗa, amma na fi ba masu tuna bulala gaskiya, domin su ne suka faɗi dalilin da ya sa tsarin ya mutu. Kudancin Kano yana bukatar jami'in da aka ɗauka daga Doguwa ko Kiru, wanda ya san daji ya san mutane, har da Bafulatani da Kirista a cikin sahun. Amma duk dokar da za ta bar gwamna shi kaɗai ya ɗauki jami'in, ya naɗa shugabansa, ya biya shi, ya kore shi, ya kuma riƙe izinin taron siyasa, En'e ce aka dawo da ita da sabon kaki. Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna da wakilai a Majalisar Tarayya da ta jiha, kuma waɗannan wakilai suna da ƙuri'a a kan gyaran kundin tsarin mulki. Kafin su ɗaga hannu, a tambaye su wa zai hukunta ɗan sandan jiha idan ya kama ɗan adawa, kuma a nemi su nuna amsar a rubuce cikin dokar.