Kuzarin da Ake Kashewa Wajen Rushewa: Waiwaye a Kan Injinan Cikin Ƙwayar Halitta

A shekarar 1953 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Melvin Simpson, ya yanyanka hantar ɓera siriri-siriri, ya hana ta iskar oksijin, sai ya ga abin da ya ɗaure wa masana kai sama da shekara ashirin. Da kuzari ya yanke wa hantar, sai rushewar furotin a cikinta ma ta ragu. A lissafi ba haka ya kamata ba. Ƙera furotin ne ke cin kuzari. Wargaza shi kuwa sinadaran ciki da hanji suna yi kullum ga naman da muka ci, ba tare da an ba su ko ƙwayar ATP ɗaya ba, wato sinadarin da ke ɗauke da kuzari a jikin duk mai rai. To, me zai sa ƙwayar halitta ta biya ladan aikin da ake yi kyauta?

Kafin nan ma an daɗe ana zaton furotin ɗin jiki sau ɗaya ake gina shi, ya zauna har ya tsufa. Rudolf Schoenheimer, Bayahuden Jamus da ya yi hijira zuwa Jami'ar Columbia, shi ya rushe wannan zato a shekarun 1930. Ya ciyar da ɓeraye amino asid mai alamar naitrojin mai nauyi, ya bi sawunsa, ya tarar ana rushe furotin ana sake gina shi ba dare ba rana. Yau an san baligi yana rushe wajen giram 250 zuwa 300 a kullum, fiye da abin da yake ci nesa ba kusa ba.

Da Christian de Duve ya gano lisosom a Beljiyam a 1955, wata 'yar jaka mai cike da sinadaran narkarwa, da yawa sun ɗauka magana ta ƙare. Amma jakar ba ta bayyana dalilin da wani furotin ke ƙarewa cikin mintuna, maƙwabcinsa kuma ya yi kwanaki ba. A 1977 Alfred Goldberg da Joseph Etlinger a Harvard suka nuna cewa ruwan jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba yana rushe gurɓataccen furotin ba tare da lisosom ba, in dai akwai ATP.

Daga nan labari ya koma Haifa. Avram Hershko da ɗalibinsa Aaron Ciechanover suka raba wannan ruwa kashi biyu, kowane kashi ya kasa aiki shi kaɗai. Kashi ɗaya ja ne wur saboda himoglobin ya cika shi, kuma raba abin da suke nema da himoglobin ɗin ya gagara. Sai suka dafa shi. Himoglobin ya dunƙule ya kwanta, abin da ake nema ya tsira a ruwan sama. Ashe ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76, wanda aka riga aka sa wa suna yubikwitin. Tare da Irwin Rose na Philadelphia, a 1980, suka nuna cewa ana kashe ATP ne wajen liƙa shi jere-jere a jikin furotin ɗin da aka yanke wa hukunci. Rabin amsar Simpson ke nan: kuzarin yana sayen zaɓi, don kada a rushe mai lafiya tare da mai lalacewa. Sun sami lambar Nobel a 2004.

Sauran rabin amsar yana wurin mai zartar da hukuncin, wato furotiyasom. A 1995 aka ga siffarsa a Jamus: ganga ce mai zobba huɗu, kowane da gaɓa bakwai, wuƙaƙenta a ɓoye can ciki, ƙofarta kuma ƙarama ƙwarai. Furotin a naɗe ba zai shiga ba sai an warware shi, kuma zoben injina shida masu cin ATP da ke bakin gangar ne ke warwarewar.

Ta wani gefen kuma, wasu na bin maganar gyara. Christian Anfinsen ya nuna cewa furotin kan iya naɗe kansa a cikin kwalba, har ya ci Nobel a 1972, kuma a ganina girman wannan bincike ya sa an yi jinkirin tambayar yadda abin yake a cikin cunkoson ƙwayar halitta. Can ciki, furotin da ya buɗe yakan manne da ɗan'uwansa, abin da ke faruwa ga farin ƙwai in ya ji wuta. Tun 1962 Ferruccio Ritossa a Italiya ya lura cewa zafi kan tayar da wasu sassan gado a jikin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, bayan wani ya taɓa ma'aunin zafin akwatin renonsu. Ba a ba aikin muhimmanci ba a lokacin. Sai a 1989 Arthur Horwich da Ulrich Hartl suka nuna cewa ɗaya daga furotin ɗin da zafi ke tayarwa, Hsp60, shi ke taimaka wa sababbin furotin su naɗe daidai. Takwaransa na bakteriya, GroEL, yana sa furotin a ɗaki, ya rufe da murfi na daƙiƙa goma ko makamancin haka, ya buɗe. In bai naɗu ba a sake. Susan Lindquist kuma ta nuna a shekarun 1990 cewa Hsp104 na yisti yana iya zare furotin daga dunƙulen da ya riga ya daskare, abin da a da ake ganin sai dai a zubar.

Yadda injinan ke jan furotin bai fito fili ba sai wajen 2017, da na'urar hango daskararrun samfura ta ƙware. Injinan shida na zoben suna tsayawa hawa-hawa kewaye da zaren furotin, na ƙasa ya saki ya koma sama ya sake kamawa, kamar mai jan guga daga rijiya, hannu bayan hannu. Irin wannan zobe ne a bakin furotiyasom da Hsp104 da wani inji na bakteriya mai suna ClpX. Mai gyara da mai rushewa kusan inji ɗaya suke amfani da shi.

Amfanin ya iso asibiti a 2003, lokacin da Amurka ta amince da bortezomib, maganin da ke toshe furotiyasom don yaƙar sankarar ɓargo da ake kira mayeloma. Mu kuma abin ya fi shafar mu ta wajen zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar, bayan ta shige jar ƙwayar jini, tana tura ɗaruruwan furotin ɗinta waje ta wata ƙofa mai suna PTEX, da aka gano a 2009 aka ga siffarta a 2018. Injin da ke warware su ya tura, HSP101, ɗan gidan su Hsp104 ne, kuma a gwaje-gwajen da aka dakatar da shi ƙwayar cutar ta kasa girma.